Ko Kun Sani? Zafi Na Buɗe wa Maganin Kansa Ƙofa

Maganin kashe ƙwayoyin kansa, irin wanda ake sa wa marasa lafiya ta jijiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi a Ƙaramar Hukumar Tarauni, ya fi ratsa ƙwayar halitta idan aka ɗumama ta. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Idan aka kai wurin da ciwon yake digiri 41 zuwa 43, tantanin da ya lulluɓe ƙwayar yakan yi laushi, magani irin Cisplatin ya shige da yawa. Haka kuma zafin yana hana ƙwayar gyara ɓarnar da maganin ya yi mata.

Shi ya sa wasu likitocin tiyata, bayan sun cire ƙari, suke zagayawa da maganin da ɗuminsa a cikin cikin majinyaci har minti 90. Wani binciken ƙasar Holan da aka wallafa a 2018 kan mata 245 masu kansar ƙwan haihuwa ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun ƙara kusan shekara guda a raye. Amma a Faransa an gwada a kansar hanji, ba a ga ƙarin kwana ba.

Kada dai wani ya ɗauko tsumma da ruwan zafi, ko ya dogara da ranar Afrilu ta Kano. Jiki yana daidaita zafinsa ta hanyar gumi, kuma zazzaɓi ga mai karɓar wannan magani dalili ne na garzayawa asibiti nan take.