Su a Kan Ƙanƙara: Kamun Kifin Walai da Soga a Kogunan Arewacin Amurka da Darasinsa ga Masuntan Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani nau'in su da ba a san shi ba a ƙasar Hausa, wato kamun kifi ta hanyar huda ƙanƙarar da ke rufe koguna a lokacin hunturu. An taƙaita bayani ga kifaye biyu 'yan gida ɗaya, walai da soga, kuma an ɗauki jihar New York ta Amurka a matsayin farfajiya. Maƙalar ta nuna cewa wannan sana'a, kamar sun ƙasar Hausa, ta dogara ne ga abubuwa biyu: kogi ya ci gaba da bin lokutansa, kuma jama'a su yarda da hani a lokacin da ya dace. Inda aka datse kogi ko aka yi watsi da hani, kifi kan ƙaura, sana'ar kuma ta bi bayansa.

Fitilun Kalmomi: su, ƙanƙara, walai, soga, madatsar ruwa, Argungu

1.0 Gabatarwa

Filin jirgin sama na JFK, wanda aka buɗe a 1948, aka kuma fi saninsa da sunan Idlewild kafin a sauya masa suna a Disambar 1963, shi ne ƙofar da Hausawa da dama daga Nijeriya da Nijar da Gana kan bi su shiga Amurka. Filin yana bakin ruwan Jamaica Bay ne, wanda ruwan gishiri ne da teku ke cikawa ta janye sau biyu a rana. Irin wannan ruwa ba ya yin ƙanƙarar da za a amince mata a taka. Haka kogin Hudson da ke yammacin birnin yake, domin tasirin teku yana kaiwa har garin Troy, tafiyar kusan kilomita 245, ga kuma jiragen fasa ƙanƙara da ke buɗe wa jiragen kaya hanya. Saboda haka, mazaunin birnin New York da ke son ganin su a kan ƙanƙara sai ya nausa arewa, zuwa tafkin Oneida da ke kusa da Syracuse, ko tafkin Champlain, ko kogin St. Lawrence da ke kan iyakar Amurka da Kanada.

Bahaushe ya san su a matsayin aikin rani: ruwa ya janye, kifi ya taru a gurbi, masunta su faɗa da homa da gora. A arewacin Amurka kuwa, ruwan ba janyewa yake yi ba, daskarewa yake yi, masunci ya tsaya a samansa da ƙafafunsa. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda hakan ke yiwuwa, da irin kifin da ake nema, da kuma abin da ke barazana ga sana'ar.

2.0 Yadda Kifi ke Rayuwa a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Ruwa yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa yawancin abubuwa masu gudana. Ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya ƙara sanyi daga nan, sai ya fara rage nauyi. Wannan ne ya sa ƙanƙara kan yi iyo a sama, ruwan da ya fi ta ɗumi kuma ya kwanta a ƙasa. Da zarar ta rufe fuskar ruwa, sai ta zama kamar bargo, ta hana iska mai sanyi isa ga abin da ke ƙarƙashinta. Kifi ba ya riƙe zafin jiki na kansa, don haka sanyi kan rage masa kuzari da bukatar abinci. Wasu kifaye kan lafa kusan gaba ɗaya, amma walai da soga sukan ci gaba da farauta duk tsawon hunturu. Wannan shi ne tushen neman su a wannan lokaci.

3.0 Walai da Soga

Kifin da Turawa ke kira walleye, wanda aka rubuta walai a nan, sunansa na kimiyya Sander vitreus. Ɗan'uwansa sauger, wato soga, shi ne Sander canadensis. Dukansu mafarauta ne masu haƙora, masu cin ƙananan kifaye, kuma ta wannan fuska matsayinsu a kogi ya yi kama da na giwan ruwa, duk da cewa ba su kusanci girmansa ba. Walai mafi girma da aka rubuta a jihar New York an kama shi ne a kogin St. Lawrence a watan Mayun 2018, nauyinsa ya ɗara kilo 8 kaɗan. Soga ya fi ƙanƙanta: wanda ya kafa tarihi a duniya, da aka kama a tafkin Sakakawea na jihar North Dakota a 1971, bai cika kilo 4 ba.

Abin da ya fi jan hankali a jikinsu shi ne ido. A bayan idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Wannan ya ba su damar gani a duhu da cikin ruwa mai gurɓata, inda abin da suke farauta ba ya gani sosai. Shi ya sa masunta kan fi samun su da asuba da kuma gab da magariba.

Ana bambance su ta hanyoyi uku. Walai yana da farin tabo a ƙarshen ɓangaren ƙasa na wutsiyarsa, da baƙin tabo guda a gindin ƙayar bayansa. Soga kuwa yana da ɗige-ɗige baƙaƙe a jere a kan ƙayar baya, da manyan dabbare-dabbare a gefen jiki. Na uku shi ne mazauni: walai yana jin daɗin tafki da kogi baki ɗaya, amma soga ɗan manyan koguna ne masu laka da zurfi, kuma yakan yi doguwar tafiya kafin ya isa inda zai zuba ƙwai. Dukansu kan zuba ƙwai a kan tsakuwa bayan narkewar ƙanƙara, su tafi su bar shi ba tare da tsaro ba. A inda suka haɗu sukan yi barbara, a sami ruwa-biyu mai kama da kowannensu.

4.0 Kayan Aiki da Dabarun Kamu

Aikin farko shi ne huda rami mai faɗin santimita 15 zuwa 25 da wani mahudi mai murɗawa, na hannu ko mai inji. Daga nan akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gajeriyar fatsa mai ƙugiya da aka yi wa nauyi da dalma, aka maƙala mata ƙaramin kifi. Masunci kan sauke ta har ta taɓa ƙasa, ya ɗaga kaɗan, ya riƙa girgiza ta a hankali don ta yi kama da kifi mai rauni. Ta biyu ita ce fatsa mai tuta, wadda ake girkewa a bakin rami a bar ta. Idan kifi ya ja zare sai tutar ta miƙe, mai ita ya hango daga nesa. Hikimarta ta yi kusa da ta mamari, domin ƙugiya ce ke jira a madadin mutum. A yau an ƙara da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna zurfi da motsin kifi, da kuma bukkokin tanti masu murhun gas.

A kogi, gudun ruwa shi ne ke tsara komai. Kifi ba ya son ɓata ƙarfinsa a cikin sanyi, don haka yakan fake a bayan tsibiri, ko a lanƙwasar kogi, ko a gurbi mai zurfi inda ruwa ke lafawa, yana jiran abin da igiya za ta kawo masa. Masuncin da ya san kogin tun kafin ya daskare shi ne ke sanin inda zai huda. Kogunan da suka yi suna a wannan sana'a sun haɗa da Saginaw a jihar Michigan da Red River a lardin Manitoba na Kanada.

Sana'ar ta girmi zuwan Turawa. Al'ummar Ojibwe, waɗanda ke kiran walai ogaa, sun daɗe suna huda ƙanƙara, su rufe kansu don kawar da haske, su sauke kifin itace da aka sassaƙa don yaudara, sannan su soki na gaske da mashi. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa Ojibwe na Mille Lacs haƙƙinsu na su da farauta bisa yarjejeniyar 1837.

5.0 Haɗarin Ƙanƙarar Kogi

Hukumomin kula da muhalli na New York da Minnesota suna ba da shawarar kada mutum ya taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, kuma ta zama garai-garai. Farar ƙanƙara, wadda ta haɗu da dusa, ƙarfinta rabin na waccan ne. Kogi ya fi tafki haɗari, saboda ruwan da ke gudu yana cin ƙanƙara ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Wuri na iya ɗaukar mota, amma taku kaɗan gaba, kusa da ƙafar gada ko mahaɗar rafi ko ƙasan madatsa, ba zai ɗauki yaro ba. Wanda ya rufta kuwa, igiyar ruwa na iya janye shi daga bakin ramin. Saboda haka masunta kan tafi da sandar ƙarfe suna dukan gabansu, su rataya ƙusoshin hannu a wuya don jawo kai waje, kuma ba a tafiya mutum ɗaya.

Ɗumamar yanayi ta ƙara dagula lissafi. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a babban yankin Amurka. A Disambar 2023 sai da aka ceto masunta sama da 100 a tafkin Upper Red Lake na Minnesota, bayan ƙanƙarar da suke kai ta ɓalle daga gaɓa.

6.0 Doka, Madatsa da Ɓacewar Soga

A jihar New York, duk wanda ya kai shekara 16 sai ya mallaki lasisi kafin ya jefa ƙugiya a ruwan da ba na teku ba. Dokar gama-gari ta 2022 ta buɗe kamun walai daga 1 ga Mayu zuwa 15 ga Maris, ta rufe shi a makonnin zuba ƙwai. Ba a ɗaukar wanda bai kai inci 15 ba, kuma ba a wuce guda 5 a rana, ko da yake wasu ruwaye suna da tasu ƙa'ida.

Soga kuwa an haramta kama shi baki ɗaya a jihar, domin ya kusa ƙarewa. A da ana samun sa a tafkunan Erie da Ontario da Champlain, da kogunan St. Lawrence da Allegheny. Gurɓatar ruwa ta kore shi daga saman kogin Allegheny. Bayan da ruwan ya gyaru, sai ya tarar da madatsar Kinzua, wadda aka kammala a 1965 a jihar Pennsylvania, ta tare masa hanyar komawa. Ita ce kuma madatsar da ta cinye wani yanki na ƙasar al'ummar Seneca. A 2013 hukumar kare muhalli ta jihar ta fitar da tsarin ceto shi, kuma daga 2014 aka fara zuba 'ya'yansa a saman kogin. Akwai dalilin gaggawa, domin wani nau'in walai mai launin shuɗi da ya taɓa cika tafkin Erie an ayyana ƙarewarsa a 1983.

Misalin Red Lake ya nuna cewa hani yana aiki idan kowa ya riƙe shi. Bayan walai ya durƙushe a tafkin saboda yawan kamu, Ojibwe na yankin suka dakatar da sun kasuwanci a 1997, sannan a 1999 suka ƙulla yarjejeniya da jihar Minnesota da gwamnatin tarayya aka rufe kamu. An sake buɗewa a 2006, bayan kifin ya farfaɗo.

7.0 Waiwaye ga Ƙasar Hausa

Wannan labari ba baƙo ba ne ga Kabawa da Sarkawa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farawarsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, an gina shi ne a kan hani. Ana killace Matan Fada, ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya yi izini, kuma fashin ruwa shi ne alamar buɗe su. Abin da takardar lasisi ke yi a New York, shi ne sarautar ruwa ta daɗe tana yi a Kabi.

Matsalar ma iri ɗaya ce. Kifayen ƙasar Hausa da yawa suna hayayyafa ne a fadama lokacin da kogi ya yi ambaliya. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun rage ambaliyar da ke isa fadamun Sakkwato da Rima, kamar yadda Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 suka rage wa dausayin Haɗeja da Nguru. Tarwaɗa da karfasa sun rasa fadama, kamar yadda soga ya rasa hanya. Ruwa ba ya tsami banza.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana yadda ɗabi'ar ruwa ke ba kifi damar rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara, da siffofin walai da soga, da dabarun kama su, da haɗarin da ke tattare da kogi. Ta kuma nuna cewa gwanintar masunci ba ta wadatarwa idan an sauya wa kogi lokutansa. Ga masu nazarin al'adun Hausawa, wannan yana nuni da cewa sarautun ruwa da bukukuwan su tsarin kiyaye albarkatu ne da ya cancanci a nazarce shi tare da masana kifi da masu kula da madatsun ruwa, musamman wajen tsara lokutan sakin ruwa zuwa fadamu.