Thriller: Yadda Aka Tayar da Matattu Don a Sayar da Faifai

A tsakiyar shekarar 1983, duk wanda ya dubi Michael Jackson zai ce abin nema ya samu. Kundin waƙoƙinsa mai suna Thriller, wanda kamfanin Epic ya fitar a ƙarshen Nuwamban 1982, ya shafe watanni a saman jadawalin Billboard na Amurka, waƙoƙin "Billie Jean" da "Beat It" kuwa sun cika gidajen rediyo. Sai faifan waƙoƙin fim ɗin Flashdance ya ture shi daga matsayi na ɗaya, daga baya kuma ƙungiyar The Police ta zo ta zauna a wurin. A lissafin 'yan kasuwa wannan ba komai ba ne, kowane faifai yana da lokacinsa. Shi kuwa matashin, wanda bai cika shekara 25 ba a lokacin, abin ya tsaya masa a rai, ya dinga kiran manyan kamfanin a waya yana tambayar abin da za a yi. Frank DiLeo, jami'in tallata waƙoƙi na Epic, shi ya ba da shawarar a yi bidiyo na uku bayan na waɗancan waƙoƙi biyu, a yi shi a kan waƙar da kundin ya ci sunanta.

Waƙar ba Jackson ya rubuta ta ba. Wani Bature ne ɗan Ingila, Rod Temperton, tsohon makaɗin ƙungiyar Heatwave, wanda furodusa Quincy Jones ya daɗe yana aiki da shi. Da farko ma waƙar soyayya ce mai suna "Starlight", aka sauya mata jigo aka bar mata kiɗanta. Shi ya sa idan ka toshe kunne daga kalmomin, babu abin tsoro a cikinta: kiɗan rawa ne zalla, mai kaurin sauti da ke maimaita kansa har ƙafa ta fara motsi. Tsoron ɗora shi aka yi a kai. Ƙarar ƙyauren da ya yi tsatsa, takun ƙafa a kan katako, tsawa, kukan kerkeci. A ƙarshe kuma aka kawo Vincent Price, dattijon da ya yi suna a finafinan ban tsoro na Amurka tun shekarun 1950, ya karanta wasu baitoci da muryarsa mai sanya tsikar jiki tashi, ya rufe da wata muguwar dariya. Kalmomin waƙar su ma wasa ne. Suna farawa da tsakar dare da wani mugun abu da ke laɓe cikin duhu, amma inda suka dosa shi ne saurayi yana tsokanar budurwarsa da ke kallon fim ɗin ban tsoro, yana nuna mata idan ta ji tsoro ga shi nan kusa.

Manyan kamfanin ba su ɗauki waƙar da muhimmanci ba. A ganinsu waƙar dodanni abin raha ce, kuma kundin ya riga ya kawo kuɗin da zai kawo, don haka babu dalilin ƙara zuba jari.

Sai an san halin da talabijin ke ciki a lokacin kafin a gane girman abin da ya biyo baya. Tashar MTV, wadda a lokacin ba ta nuna komai sai bidiyon waƙoƙi dare da rana, ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1981. A shekarunta na farko kusan ba ta sa baƙaƙen mawaƙa, hujjarta ita ce tashar masu kiɗan rok ce. Rick James ya fito fili ya zarge ta da wariya, David Bowie ma ya titsiye ɗaya daga cikin masu gabatar da shirye-shiryenta a kan maganar a 1983. Bidiyon "Billie Jean" ne ya fara fasa wannan katangar a farkon shekarar. Su kansu bidiyoyin wancan zamani yawanci aikin arha ne: a tsayar da mawaƙi gaban kyamara, a hura hayaƙi, a gama cikin kwana ɗaya ko biyu da 'yan dubban daloli. Talla ce kurum, kyauta ake ba tashoshi don su nuna.

Jackson ya kalli wani fim na 1981 mai suna An American Werewolf in London, labarin wani ɗalibi da ke rikiɗewa ya zama kerkeci, sai ya nemi daraktansa, John Landis. A lokacin ƙasƙanci ne a ce daraktan Hollywood ya yi bidiyon waƙa. Landis ya amince, da sharaɗin cewa gajeren fim za a yi, mai labari, a ɗauke shi da irin kayan aikin da ake ɗaukar finafinan silima. Da aka buga lissafi, kuɗin ya tasam ma abin da ya ninka na bidiyon yau da kullum sau da yawa, dala rabin miliyan ko fiye. Kamfanin faifan ya ce ba da shi ba.

A nan ne dabarar da ta fi komai muhimmanci a labarin ta fito, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Ƙa'idar MTV a lokacin ita ce ba ta biyan kuɗin bidiyon waƙa. To, amma tana iya sayen shirin talabijin. Sai Landis da abokin aikinsa George Folsey suka sa aka bi su da wata kyamarar daban ana ɗaukar yadda ake aikin, daga zaman kwalliya har gwajin rawa, aka haɗa shiri na kusan minti 45 mai suna Making Michael Jackson's Thriller. Da aka jingina shi da bidiyon, ya zama shirin awa ɗaya da za a iya sayarwa. Tashar Showtime ta biya dala 300,000, MTV ta biya 250,000, kamfanin Vestron kuma ya sayi izinin fitar da shi a kaset ɗin bidiyo. Da ruwan ciki aka ja na rijiya. Talla ce aka shirya don a sayar da faifai, amma aka sa tashoshin da za su nuna ta suka biya kuɗin yin ta, sannan masu kallo suka je kanti suka saye ta da kuɗinsu. Kaset ɗin ya sayu sama da kwafi miliyan ɗaya, a zamanin da galibin mutane haya suke ɗaukowa, ba saye ba.

An ɗauki fim ɗin a birnin Los Angeles cikin Oktoban 1983, MTV ta fara nuna shi ranar 2 ga Disamba. Tsawonsa ya kusa minti 14. Yana farawa da saurayi da budurwa cikin mota, mai ya ƙare musu a daji, ya ba ta zobe, sai wata ya fito daga cikin gajimare, saurayin ya faɗi yana murƙususu har ya zama wata dabba mai kama da kyanwar daji. Kana cikin wannan sai ka ga ashe fim ne ake kallo a gidan silima, Jackson na zaune cikin 'yan kallo yana cin gugguru yana murmushi, budurwarsa, wadda Ola Ray ta fito a matsayinta, ta tsorata ta fice. Ya bi ta yana rera mata waƙar a kan titi. Suka wuce ta maƙabarta, muryar Vincent Price ta tashi, kaburbura suka buɗe. Bayan rawar da kowa ya sani, matattun suka rutsa ta a wani kangon gida, sai ta farka, ashe mafarki ne. Da zai raka ta gida ya waiwayo ya dubi mai kallo da idanu rawaya.

Landis ya ma sake wa waƙar tsari saboda labarin. A faifai, baiti da amshi suna bin juna kamar kowace waƙa. A bidiyon an jera baitocin gaba ɗaya a lokacin tafiyar titi, aka riƙe amshin, aka hana mai kallo shi har sai da matattu suka gama jeruwa suka taka rawa. Lokacin da amshin ya fashe, an riga an ja wa mutum rai na mintuna. Wannan aikin mai ba da labari ne, kuma a ganina shi ne ya fi kuɗin da aka kashe tasiri.

Fuskokin kuwa aikin Rick Baker ne, wanda ya ci lambar Oscar ta kwalliya saboda wancan fim ɗin kerkecin. Ana zana siffar fuskar ɗan wasa, a zuba roba mai laushi a fitar da kumatu da goshi da haƙora, a manna su ɗaya bayan ɗaya, a bi da fenti. A ƙarƙashin robar akwai 'yan jakunkunan da ake hura wa iska, su ne ke sa a ga fata tana kumbura kamar ƙashi na motsi a ciki. Babu kwamfuta a aikin, sa'o'i ne na zama a kujera. Tufafin matattun kayan gwanjo ne aka yayyaga aka ɓata. Jar rigar fatar da Jackson ya sa kuwa Deborah Nadoolman ce ta tsara ta, matar Landis, wadda ta yi wa jarumin fim Indiana Jones shigarsa. Ta zaɓi ja ne don ya fita daban a cikin duhu da tokar matattu, ta faɗaɗa kafaɗun don siririn jikinsa ya cika ido. An yi gwanjon ɗaya daga cikin rigunan a 2011, aka saye ta dala miliyan 1.8.

Rawar ta fi wuya. Michael Peters, wanda ya tsara ta "Beat It", shi da Jackson suka zauna da matsala guda: ta yaya gawa za ta yi rawa ba tare da abin ya zama shirme ba? Maganin da suka samo shi ne su ɗauki motsin jikin da ya sandare, kafaɗa mai zabura, wuya a karkace, ƙafa ana jan ta, hannuwa a ɗage kamar farata, su ɗaure kowanne a kan bugun kiɗa. Abin tsoro idan ya bi kiɗa, ya jeru sahu-sahu, tsoron ya ragu, sai sha'awa. Yaron da aka yi wa tatsuniyar Dodo da dare ya san wannan daɗin: gabansa na faɗuwa, amma yana kan tabarma kusa da kakarsa, kuma shi da kansa zai ce a ƙara.

Akwai masu ganin irin wannan bidiyo su ce ai alamar tsafi ce, ko shaidar cewa mawaƙin ɗan ƙungiyar asiri ne. Zancen yana yawo a kafafen sada zumunta, har da namu na Hausa, kuma abin lura shi ne ba yau aka fara shi ba, a kan Jackson ɗin ma tun fim ɗin bai fito ba. Shi mabiyin ɗariƙar Shaidun Jehobah ne a lokacin, mai tsananin riƙo, har yakan ɓad da kama ya bi gida-gida yana wa'azi. Da shugabannin ɗariƙar suka ji abin da ya ɗauka, suka gargaɗe shi cewa yana tallata aikin shaiɗanu kuma za a iya korar sa. Hankalinsa ya tashi har ya umarci lauyansa, John Branca, da a lalata fim ɗin. Lauyan ya ɓoye gwangwanayen fim ɗin, ya lallashe shi da shawarar a sa sanarwa a farko. Ita ce rubutun da ke fitowa kafin komai, inda yake bayyana cewa fim ɗin ba ya nufin ya yarda da sihiri. Ya bar ɗariƙar a 1987. Mutum yana da damar ƙin bidiyon saboda addininsa ko tarbiyyar 'ya'yansa, wasa da maƙabarta ba abu ne da kowace al'umma za ta ɗauka da sauƙi ba, kuma ba kowane yaro ya kamata a bari ya kalla ba. Amma batun asiri ba shi da madafa, tunda masu aikin da kansu suka ɗauki yadda aka manna kowace roba suka sayar wa duniya.

Su kansu matattun masu tafiya ba Hollywood ta ƙirƙire su ba. Asalinsu Haiti ne, cikin zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka, inda aka yi imani boka na iya tayar da mamaci ya sa shi bauta a gonar rake, ba hankali ba 'yanci. Tsoron bawa ne cewa ko mutuwa ba za ta 'yanta shi ba. Finafinan Amurka suka ɗauki siffar, George Romero ya mayar da su masu cin naman mutane a Night of the Living Dead na 1968, Thriller kuma ya koya musu rawa. Kafin a zo nan, ɗacin tarihin ya zube a hanya.

Ta fuskar kasuwa, cacar ta ci. Kundin ya koma matsayi na ɗaya, ya tara makonni 37 a can jimilla, ya zama wanda aka fi saye a tarihi. A bikin Grammy na 1984 Jackson ya kwashi lambobi takwas a dare ɗaya. Kamfanonin faifai suka gane cewa ido na iya sayar da abin da kunne ya riga ya gaji da shi, kuɗin bidiyo ya yi tashin gwauron zabo, manyan daraktoci suka daina jin kunyar aikin: Martin Scorsese ne ya yi wa Jackson bidiyon "Bad" a 1987. Rawar ta zaga duniya. Wani fim ɗin Indiya na harshen Telugu, Donga, ya kwaikwaye ta a 1985 da jarumi Chiranjeevi. A 2007 fursunoni kusan 1,500 a wani gidan yari na Cebu a ƙasar Filifin suka taka ta cikin kayan sarƙa ruwan lemo, bidiyon ya bazu a YouTube. Ranar 29 ga Agustan 2009, wata biyu bayan rasuwar Jackson, mutum sama da 13,000 suka yi ta tare a babban birnin Meziko. A ƙarshen shekarar ne Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi rajistar finafinan da ƙasa ke adanawa, bidiyon waƙa na farko da ya samu shiga. Kuma duk ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halloween da Amurkawa ke shigar dodanni, waƙar takan sake hawa jadawali, tana kawo wa magada kuɗin kaka.

Rabon kuɗin ne bai tafi daidai ba. Vincent Price ya karɓi ladansa dunƙule sau ɗaya maimakon kaso daga ciniki, abin da ya dame shi bayan ya ga inda faifan ya kai. John Landis ya kai ƙarar Jackson a farkon 2009 yana cewa an daina ba shi kasonsa na ribar bidiyon, Ola Ray ma ta shigar da tata ƙarar a shekarar. Jackson ya rasu ranar 25 ga Yuni ana cikin shari'ar, sai masu kula da dukiyarsa ne suka sasanta da su biyun bayan wasu shekaru.