Idon da Ba Ya Kama Launin Ja

Akwai yaran da za a aika sayen nunannen tumatir su kwaso ɗanye shar, a yi ta musu faɗa wai ba su da natsuwa. Wani a cikinsu ba shi da laifi, idonsa ne ba ya kama launin ja.

A can cikin ido akwai tantani mai ɗauke da ƙwayoyi iri uku masu tantance launi: na ja, na kore da na shuɗi. Idan na ja babu su, ko suna nan amma da rauni, sai ja ya dusashe ya koma duhu-duhu. Mai wannan lalura yana gani ras, har zare yake zurawa a allura. Amma jan alli a kan baƙin allo kusan ɓacewa yake masa, shunayya ta zama shuɗi, tsire ko ya gasu ko da saura sai ya tambaya. Inda abin ya fi haɗari shi ne kan titi, domin fitilar birkin motar gaba ba ta yi masa haske sosai, jar danja kuwa da mazauninta yake gane ta, tunda ita ce a sama.

Galibi gado ne, kuma ta wajen uwa namiji ke samunsa. Uba ba ya ba ɗansa, sai dai 'yarsa ta ɗauka ba tare da ya nuna a idonta ba, ta miƙa wa wasu 'ya'yanta maza. Shi ya sa ya fi yawa a maza. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 yana rikita ja da kore, mata kuwa 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba.

Na gado ba shi da magani. Tabarau masu launi da ake tallatawa suna ɗan taimaka wa wasu, amma ba sa warkarwa. Wanda kuwa da girmansa launuka suka fara rikice masa, ya hanzarta ganin likita, don ciwon suga, hawan jinin ido ko maganin tarin fuka mai suna ethambutol kan jawo haka.

Gwajin ba wuya. Littafi ne mai ɗigo-ɗigon launi da lambobi ɓoye a ciki, wanda likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917. Iyaye da malamai, ku kai yaro asibitin ido tun yana firamare, kafin ya ƙwallafa rai a kan tuƙin jirgi ko aikin wayar lantarki.