Ilmi Kyauta da Masu Ɗaukar Nauyinsa: Darasi Daga Birnin Kano

A shekarar 2002, a wani taro na Hukumar UNESCO a birnin Paris, aka laƙaba wa littattafai da darussan da kowa ke da izinin kwafa da gyarawa da rarrabawa suna na musamman, watau buɗaɗɗun kayan ilmi. A 2019 kuma ƙasashen hukumar suka amince da shawarar da ta tanadi yadda za a tallafa musu. Tambayar da ke gaban gidauniyoyi da gwamnatoci ita ce, ina ya kamata kuɗin ya fara sauka?

Birnin Kano ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, unguwanni irin su Madabo suka shahara da karatun zaure. Malami ba ya yanka wa ɗalibi kuɗi, ba ya tambayar shekarunsa. Littafi kuwa aronsa ake yi, a kwafe shi da hannu, a yi masa jinka a gefe, wani ya sake kwafewa. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sadaka da zakka da hidimar attajirai, waɗanda ba su da ranar ƙarewa.

A nan ne tallafin zamani ya fi rauni. Hukumar NORLA ta Zariya, wadda ta wadata masu yaƙi da jahilci da littattafai masu araha, an rufe ta a 1959. Jami'ar karatu daga gida da aka kafa a 1983, an dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai a farkon shekarun 2000. Saboda haka abu na farko da ya wajaba mai ba da tallafi ya duba shi ne wanda zai ci gaba da riƙe aikin bayan kuɗinsa ya ƙare. Albashin mai gyaran rubutu da mai kula da ma'ajiya bai kai bikin ƙaddamarwa armashi ba, amma da shi aiki ke tsayuwa.

Sai maganar harshe. Galibin abin da aka buɗe a intanet da Turanci yake. Matar aure da ke zuwa ajin Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980, ba ta ƙaru da shi ba. Fassara da sabon rubutu cikin Hausa, da boko da ajami, sun cancanci kaso mai tsoka, haka ma kuɗin ɗab'i, domin har yanzu takardar da ake saya a Kasuwar Kurmi tana shiga gidajen da kwamfuta ba ta shiga.

Ta fuskar bincike, ƙidayar littattafan da aka ɗora ba ta wadatar ba. A san wa ya karanta, kuma me ya fahimta. Akwai abin koyi ga shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Biritaniya, wanda Gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyinsa tun 2004. Sharaɗinsa shi ne asalin takardu su zauna a ƙasarsu, a bar kwafi a can, hotunan kuma a buɗe su ga kowa.