Gargaɗin Littafi Mai Tsarki kan masu gurɓata zumuncin Kirista daga cikin gida

A Gwadangaji, inda sakatariyar gwamnatin Jihar Kebbi take, da sauran unguwannin Birnin Kebbi har zuwa Argungu, majami'a ga Kirista ma'aikaci ko ɗan kasuwa ta wuce wurin sujada. Nan yake ba da baiko, nan yake neman shawara, nan kuma yake samun masu tsaya masa ranar rashin lafiya. Wannan amanar ce Sabon Alkawari ya yi ta jan kunne a kanta, domin ɓarna mafi muni daga cikin gida take tasowa.

A sura ta 7 ta Bisharar Matiyu, Yesu ya siffanta annabawan ƙarya da kyarketai masu shigar tumaki, ya ce ayyukansu ne za su tona su. A sura ta 20 ta Ayyukan Manzanni, Bulus ya gargaɗi dattawan ikkilisiyar Afisa cewa masu karkatar da koyarwa za su fito daga cikinsu. Ya kuma kwatanta zunubin da aka kawar wa kai da ɗan yisti mai game ƙullu baki ɗaya, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa.

Kuɗi na da babban kaso a wannan gargaɗi. Bitrus ya tsawata wa wani mai sihiri a Samariya da ya nemi sayen baiwar Allah, kuma wasiƙarsa ta biyu ta ambaci malamai masu mayar da mabiya jari saboda kwaɗayi.

Zamani ya nuna illar yin sakaci. A 2007 wata kotu a Legas ta yanke wa Rabaran King hukuncin kisa bayan ya cinna wa mabiyansa wuta, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2016. A Kenya kuwa, an tono gawarwaki fiye da 400 a dajin Shakahola tun daga 2023, na mabiyan wani fasto da ake zargi da umartarsu da azumi har mutuwa.

Sura ta 18 ta Matiyu ta shimfiɗa hanyar gyara: a fara da nasiha a asirce, sai a kira shaida ɗaya ko biyu, sannan a kai maganar gaban ikkilisiya. Manufar ita ce maido da mai laifi. Sai dai shugaban da ya hana a tambaye shi lissafin baiko, ko ya raba mabiyi da danginsa, ya riga ya toshe wannan hanya.