Sautin mota ya dushe? A duba ƙyallen bayan ragar sifika kafin a sayi sabuwa

Matashi ya haɗa wayarsa da rediyon mota ta Bluetooth, ya kunna karatu ko waƙa, sai sautin ya fito kamar an kife sifikar da kwano. Waya ake fara zargi, sannan sifika, daga nan a shiga lissafin kuɗin sabuwa. Sau da yawa kuwa dukansu lafiyarsu ƙalau. Mai laifin wani siririn ƙyalle ne da aka manna da gam a bayan ragar da ke rufe sifikar.

Mene ne aikinsa?

A cikin sifikar ƙofar mota akwai maganaɗisu, da naɗin waya mai kai da komo a wani ɗan gurbi da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Idan yashi ko ɓurɓushin ƙarfe ya shiga nan, zai riƙa gogar wayar har sifikar ta lalace. Ƙyallen shi ke tare dattin, ya bar sauti ya wuce.

Motar da ke zirga-zirga tsakanin Batsari da Ruma ko Wagini, ko mai ɗaukar fasinja daga Runka zuwa Safana da Dutsin-Ma, tana shan ƙura sosai, musamman da hunturu. Da bazara kuma zafin cikin motar da aka rufe a rana yakan haura digiri 60, gam ya saki. Damina na zuwa, laima ta haɗu da ƙurar, ƙyallen ya toshe kamar an yaɓa masa laka. Siraran sautuka su ke fara ɓacewa, shi ya sa ake jin dukan ganga amma kalmomi ba sa fita.

Yadda ake gane matsalar

A menun rediyo akwai BAL da FAD, masu tura sauti hagu ko dama, gaba ko baya. A bi sifikun ɗaya bayan ɗaya da murya guda daga waya, kamar labarai. Wadda ta dushe, a cire ragarta a sake saurare. In sautin ya washe, ƙyalle ne. In ana jin kakkarwa kamar ƙudan zuma amma ta tsaya da an danna ragar da yatsa, ƙyallen ko ragar ce ta saki. In kuwa ƙarar na nan bayan an cire raga, sifikar ce da kanta, sai mai gyaran rediyo.

Cire tsohon

A kashe mota tukuna. A wasu motocin ragar kan ɓalle ita kaɗai, a wasu kuma haɗe take da bangon ƙofar, sai an kwance shi duka. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi mai gyaran kushin, domin 'yan maƙalan roba na saurin karyewa, kuma akwai wayoyin gilashi a ciki. A yi amfani da tsohon katin ATM wajen ɓanɓarowa, sukundireba na barin tabo.

A ajiye ragar a rana na ɗan lokaci, ko a hura mata na'urar busar da gashi daga nesa, har gam ya yi laushi. A kama ƙyallen daga kusurwa a ja a hankali. Kada a yar da shi, da shi za a auna sabon. Sauran gam a goge shi da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Ban da fetur, ban da tina: suna cin robar, su bar ta da dabbare-dabbare ko ta tsage. A wanke da ruwan sabulu, a bari ta bushe sarai.

Zaɓen sabo da mannawa

In ba a samu ƙyallen sifika na ainihi ba, siririn baƙin yadi mai talewa ya wadatar. Gwajin mai sauƙi ne: a kara shi a baki a hura. In iska ta wuce ba wahala, sauti ma zai wuce. Shadda da atamfa sun yi kauri, gidan sauro kuma ramukansa sun yi faɗi.

A yanka shi da rarar kamar santimita 1 ta kowane gefe. A shafa gam irin na masu gyaran takalmi a bakin ragar kaɗai, kada ya taɓa ramukan. A jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a ɗora yadin, a ja sama da ƙasa, a ja hagu da dama, don kada ya yi tattara. A guji Super Glue, yana sandarar da yadi ya bar farin tabo. A datse rarar da reza, a bar shi ya kwana kafin a mayar.

Wasu kan yage ƙyallen su bar ragar haka, suna murna sauti ya ƙaru. A hanyoyin Batsari da Safana wannan araha ce da ba ta ado: yadin da bai kai tafin hannu biyu ba shi ke tsakanin sifika da ƙurar hunturu.