Warin wiwi kaɗai ya isa a caje mota? Darasi daga kotunan Amurka

Shekara da shekaru, ɗan sanda a Amurka ba ya buƙatar doguwar hujja kafin ya caje motar mutum. Da zarar ya ce ya ji warin tabar wiwi, magana ta ƙare. Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana bincike ba gaira ba dalili, amma tun 1925 Kotun Ƙolinsu ta yarda a caje mota ba tare da takardar kotu ba, muddin akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi.

Abin ya fara sauyawa ne da jihohi da dama suka halatta wiwi ga manya. Tunda riƙe ta ba laifi ba ne, ta yaya warinta zai zama shaidar laifi? Ga shi kuma wari ba ya shiga hoto, ba a kai shi gaban alƙali, sai dai a yarda da bakin ɗan sanda.

A 2021 Kotun Ƙolin jihar Pennsylvania ta ce wari kaɗai bai isa ba. Jihar Maryland ta mai da hakan doka a 2023. A Illinois kuwa, inda aka halatta wiwi daga 2020, kotu ta raba abin gida biyu a 2024. A watan Satumba ta ce warin wiwin da aka riga aka sha bai isa a caje mota ba. A Disamba ta ce warin ɗanyar wiwi ya isa, domin dokar jihar ta tilasta a sa ta cikin mazubin da ba ya fitar da wari idan ana tuƙi.

Mu a Najeriya lamarinmu daban ne. Wiwi haramtacciya ce, kuma hukumar NDLEA tana kama masu ita. Duk da haka bincike yana da iyaka a nan ma. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce shekarun mutum, askinsa ko suturarsa ba za su zama dalilin zargi ba. Wannan ya shafe mu matasa kai tsaye, domin mu aka fi tarewa a hanya. Idan aka tare mu, mu nutsu, mu tambayi dalilin binciken cikin ladabi, mu kuma riƙe sunan jami'in da wurin da abin ya faru.